Amsoshin Tambayoyinku: Kwamfutata Lafiyarta Ƙalau, Dole Ne In Bar Windows 10?

Tambaya: Ina da ɗan shago inda nake buga takardu da cike wa ɗalibai fom ta intanet. Laftof ɗina HP ce ta hannu, Windows 10 ke kanta, kuma ba ta taɓa ba ni matsala ba. Ta sha fito mini da saƙo cewa in koma Windows 11, da na gwada sai ta ce injina bai cancanta ba. Mai gyara ya ce in share kawai, dabarar kamfani ce don a sayi sabuwa. Shin akwai haɗari idan na ci gaba a haka? Da ita nake shiga asusuna na banki. Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Akwai haɗari, amma ba irin wanda zai sa ka wayi gari ka ga kwamfutar ta ƙi tashi ba. Za ta ci gaba da kunnuwa, ta buga takarda, ta shiga intanet yadda ta saba. Wannan ne ma ya sa maganar mai gyaranka ke da daɗin ji. Yana da ɗan gaskiya, domin babu kamfanin da ke ƙin ciniki. Sai dai shawarar da ya ba ka ba ta dace da mai irin sana'arka ba.

Ga abin da ya faru. Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, bayan shekara goma da fitowarta. Kafin wannan rana, duk Talata ta biyu a kowane wata kamfanin yana sakin gyare-gyaren tsaro, wato facin da ke toshe kafofin da aka gano a cikin manhajar. Babu watan da ba a gano sababbi. Abin kamar gidan ƙasa ne da aka daina yi wa yaɓe: daminar farko ba za ta kayar da shi ba, amma kowane ruwa da ya sauka sai ya ci wani abu, kuma babu mai mayarwa.

Akwai wani ɓangare da mutane ba su cika lura da shi ba. Windows 10 da Windows 11 tushensu ɗaya, mafi yawan kayan cikinsu iri ɗaya ne. Idan Microsoft ya saki faci don Windows 11, masu kutse sukan zauna su warware shi su ga wace kafa aka toshe. Daga nan sai su duba ko tana nan a Windows 10, kuma sau da yawa tana nan, a buɗe, ba ranar rufewa.

Duniya ta ga abin da kafa ɗaya za ta iya jawowa. Ranar 12 ga Mayu 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe kusan 150, ta kama kwamfutoci sama da 200,000. Tana shiga sai ta kulle duk fayilolin mutum, ta rubuta a allo cewa sai an biya dala 300 da kuɗin Bitcoin kafin a buɗe. A Ingila asibitocin gwamnati sun soke ganin likita kusan 19,000. Ba sai mutum ya danna wani abu ba, ita da kanta take tsallakawa daga kwamfuta zuwa kwamfuta. Abin takaicin shi ne tun watan Maris na shekarar Microsoft ya saki facin, mafi yawan waɗanda abin ya shafa ba su sa ba ne kawai. Su maganin yana nan suka yi sakaci. Mai Windows 10 da bai yi wani tanadi ba, ko ya nema ba zai samu ba.

Yanzu dubi shagonka da kyau. Ɗalibi ya zo da filas ɗin da ya kwana a kwamfuta biyar, ka soka a taka. Wata ta turo fayil ta WhatsApp ka buɗe ka buga. A cikin injin nan akwai hotunan fasfo na mutane, lambobin NIN, takardun haihuwa, sakamakon jarrabawa, ga kuma kalmar sirrin bankinka da wataƙila Chrome ya adana maka. Wannan amanar jama'a ce a hannunka, kuma ita ta fi damuna a tambayarka. Manhajar rigakafi tana taimakawa, kada ka kashe ta, amma aikinta kama ɓarawon da ta gane ne, ba ta gyara ɓarakar da ke jikin Windows ɗin kanta.

Sannan a hankali sauran manhajoji za su juya mata baya. Haka aka yi wa Windows 7: an daina kula da ita a Janairun 2020, a farkon 2023 kuma Chrome ya daina sabuntuwa a kanta.

To mene ne abin yi? Fara da tabbatar da dalilin da ya sa aka ce injinka bai cancanta ba. Sauke PC Health Check daga shafin Microsoft, zai faɗa maka ainihin abin da ya hana. Windows 11 tana buƙatar RAM gigabait 4, ma'adana mai gigabait 64, da wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. Kwamfutoci da yawa suna da shi, a kashe yake kawai a cikin BIOS, inda yakan zo da sunan PTT a injin Intel ko fTPM a na AMD. Kunna shi aikin 'yan mintuna ne ga mai gyara. Inda gizo ke saƙar shi ne ƙwaƙwalwar injin. Shiga Settings, sai System, sai About, ka karanta lambar da ke bayan Core i5 ko i7. Idan ka ga irin 8250U, zubi na takwas ne, ka tsallake. Idan 6300U ne ko 7200U, ba ta cikin waɗanda aka amince da su. Da yawa daga cikin EliteBook na hannu da suka cika kasuwanninmu, irin su 840 G3, a nan suke faɗuwa.

Idan taka ta faɗi, akwai shirin ƙarin wa'adi da Microsoft ya buɗe mai suna ESU, wanda ke ba da facin tsaro har zuwa 13 ga Oktoba 2026. Ana shiga ta Windows Update, da sharaɗin kana kan zubin 22H2 kuma kana da asusun Microsoft. Kuɗinsa dala 30 ne, amma kyauta ne ga wanda ya yarda ya haɗa saitunan kwamfutarsa da asusun. Lokaci ne kawai yake saya maka na tara kuɗin sayen wata kwamfutar.

Wasu masu gyara za su ce za su cusa maka Windows 11 da ƙarfi. Yana yiwuwa, kuma takan yi aiki, amma Microsoft ya faɗa ƙarara cewa bai ɗauki alkawarin ci gaba da turo wa irin wannan inji faci ba. Abin da nake roƙonka ka guje masa shi ne Windows ɗin da aka fasa, wadda ake kunnawa da wata 'yar manhajar da ba a san asalinta ba. Ta nan ake shigo wa mutane da ɓarawo har ɗaka.

Akwai kuma Linux Mint da ake sawa a madadin Windows, kyauta ce, tana tafiya sumul a tsohon inji, kuma ana yi mata faci a kai a kai. Cike fom da shiga banki duk za su yiwu a kanta. Amma CorelDRAW da Microsoft Word ba sa hawa, sai dai ka koyi LibreOffice, don haka ka auna da irin aikin da kwastomominka ke kawowa.

Da ni ne kai, yau ɗin nan zan kwashe muhimman fayiloli zuwa wata ma'adana ta waje, in cire ta in ajiye a aljihun tebur. Zan goge takardun mutanen da na gama wa aiki, in mayar da harkar banki kan waya. Idan ka tashi sayen wata, ko ta hannu ce, ka sa mai shago ya kunna ta a gabanka ka karanta lambar ƙwaƙwalwar injin da idonka kafin ka miƙa kuɗi. Kuma kada ka bari a kashe maka Windows Update don tsimin data, kamar yadda ake yawan yi. Ka bari sai dare lokacin da data ke araha, ka jona ta da caji, ka bar ta ta gama.