Damuwa ta hana ni rubutu, aikin ofis ma da ƙyar: ina mafita?

Tambaya: Likita, ina aiki a Sakatariyar Tarayya, ina zaune a Nyanya. Da dare nakan rubuta littafi ina sakar wa masu karatu a WhatsApp. Wata uku ke nan komai ya fita daga raina. Barci ya ƙaurace mini, in na ɗauki waya zan yi rubutu sai hawaye. Masu karatu kuma sai ƙorafi suke. In haƙura da rubutun ne?

Amsa: 'Yar'uwa, sannu, Allah Ya ba ki lafiya. Abin da kika zayyana ya yi kama da ciwon tsananin damuwa. Idan ƙunci da rashin jin daɗin abin da mutum ya saba so suka wuce mako biyu, ga rashin barci, ga mutuwar jiki, ga tunani ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, to magana ta zama ta asibiti. Ba lalaci ba ne, ba kuma raunin imani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa kimanin mutum miliyan 7 ne ke fama da shi a Najeriya.

Ki fara da ganin likita. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Ƙasa da ke Abuja da Asibitin Koyarwa na Gwagwalada, kuma Babban Asibitin Karu, kusa da ke, shi ma yana da sashen ƙwaƙwalwa. A duba jininki, domin ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo kan zo da irin wannan kasala. In an rubuta miki magani, ki sani yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a ji sauƙi, kuma ana ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an warware. Da yawa a nan suke tuntuɓe: da sun ji dama-dama sai su ajiye, ciwon ya dawo. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne, ki riƙe duka biyun.

Yanzu batun rubutu. Kada ki daina, amma ki raba shi da dare. Wadda za ta fito tun asuba don tsere wa cunkoson hanyar Nyanya zuwa AYA, ta dawo bayan magariba, sannan ta zauna kan waya har ƙarfe ɗaya, barcinta take sayarwa, alhali barci na cikin maganin wannan ciwo. Ki mayar da rubutun na minti ashirin kacal, bayan sallar asuba ranar Asabar da Lahadi, ko layi biyar a takarda lokacin hutun azahar. Ranar da bai zo ba, ki bar shi. Kuma kada ki yanke wa littafin hukunci yanzu, domin damuwa kan sa mutum ya ga duk abin da ya rubuta shirme ne.

Masu karatu kuwa, saƙo ɗaya ya ishe su: ba ki da lafiya, za a riƙa samun shafi sau ɗaya a mako. Wanda ya biya kuɗi kuma ba zai iya jira ba, ki mayar masa da abinsa, ki huta.

A ofis, takardar likita ta isa neman hutun jinya, ba sai kowa ya ji sirrinki ba. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta hana nuna wa masu irin wannan lalura bambanci a wurin aiki.

A gida, ki sami mutum ɗaya da kika amince da shi, ki gaya masa gaskiyar halin da kike ciki. In kuwa tunanin cutar da kanki ya taɓa zuwa miki, kada ki jira gari ya waye: ki faɗa wa na kusa da ke, a kai ki sashen gaggawa a daren, ko ki kira 112.