Manhajata Ta Ƙi Buɗewa a Kwamfutar Mai Shago

Tambaya: Malam, na rubuta manhajar lissafin shago da C++ da Qt. A kwamfutata lafiya lau take aiki, amma a ta mai shagon sai ta ce babu Qt6Core.dll, wani lokacin kuma ta nuna 0xc000007b. Ina mafita?

Amsa: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, aikinka bai lalace ba. Manhajar tana jingine ne da fayilolin DLL da ke cikin kwamfutarka, waɗanda ba su bi ta zuwa shagon ba.

Da farko, haɗa ta a tsarin Release, domin na Debug na gwaji ne, ba a raba shi. Sannan ka kunna windeployqt a kan fayil ɗin exe. Zai kwaso duk abin da Qt ke buƙata, har da jakar platforms mai ɗauke da qwindows.dll, wanda in babu shi taga ba za ta buɗe ba. Idan da Visual Studio ka haɗa, girka Visual C++ Redistributable a kwamfutar mai shagon.

Ita kuwa 0xc000007b, galibi alama ce ta cakuɗa DLL mai bit 32 da manhaja mai bit 64. Kada ka sauko da DLL daga shafukan da ba ka sani ba. Kafin ka miƙa aiki, gwada shi a kwamfutar da ba a taɓa girka Qt a kanta ba.