Cin Fara a Ƙasar Waje: Shawara ga Matafiyi

Fara abin taɓawa ce da mutanen Rogo Sabon Gari da kewayen Ƙaraye suka saba da ita, musamman daga kaka zuwa lokacin sanyi. Ana tafasa ta da gishiri, a shanya, a fige fukafukai da ƙafafu, a soya da man gyaɗa, a barbaɗa yaji.

Matafiyi zai tarar da ita a ƙasashe da dama. A kasuwannin Maraɗi da Damagaram ana auna busasshiya da tiya. A Buraida ta Saudiyya ana sayar da ita da ranta. A Yuganda ana soya danginta, nsenene, a watan Nuwamba, a Meziko kuwa ana gasa ta da tafarnuwa, barkono da lemun tsami. Tarayyar Turai ta amince da sayar da farar ɗango a 2021.

Fara halal ce, amma ya kamata a tambayi irin man suyar, kada ya zama kitsen alade. A zaɓi wadda aka sauke da zafinta, mai ƙaras-ƙaras, ba danshi ba warin tsohon mai. A guji wadda aka tsinto bayan feshin maganin ƙwari, domin suya ba ta kawar da gubar. Wanda jatan lande ke sa wa ƙaiƙayi ko kumburi ya haƙura, tun da fara na iya tayar masa da irin wannan. Ƙayar ƙafafunta tana kartar maƙogwaro, don haka a cire wa yara.

Mai son guzurinta ya bayyana wa jami'an kwastan, domin ƙasashe da yawa suna taƙaita shigar da abinci.