Darasi na 14: Ba a fafe gora ranar tafiya

1. Garin Karofan

Karofan gari ne a ƙasar Adar, cikin gundumar Buza, jihar Tawa. Yana kusa da fadamar Tarka, wadda ta gangara wajen Madawa. Da damana mutane suna noman hatsi, dawa da wake a tudu. Da rani suna sauka fadama su yi garka, don ruwan rijiya ba shi da nisa. Babban abin da suke shukawa shi ne albasa, irin wadda ake kira ƴar Galmi. Manyan motoci suna kai ta har Gana da Abijan.

Amma kuɗin manomi ba kullum suke shigowa ba. Sau biyu ne a shekara: da kaka, da kuma lokacin cirar albasa. Baki kuwa kullum sai ya ci. Shi ya sa kowane gida yake bukatar lissafi.

2. Bango ya tsage

A wani gida na Karofan akwai mutum 8: maigida, uwargida, kaka tsohuwa, da ƴaƴa 5. Wata safiya cikin watan Afrilu, Auta ta shiga ɗakin kaka da share-share. Sai ta ga haske yana shigowa ta bango. Ta ɗaga kai, ta ga gari yana zuba daga azara.

Ta sheƙa da gudu ta ce: "Baba, zo ka gani! Ɗakin kaka ya tsage."

Maigida ya zo ya ƙwanƙwasa azara da sanda. Uku daga ciki sun yi ƙarar ganga, gara ta cinye cikinsu. Ya yi shiru. Ya san saura wata biyu ruwa ya sauka. In rufin soro ya jiƙa, nauyinsa yana ƙaruwa ƙwarai. Ruɓaɓɓiyar azara ba ta iya ɗaukarsa, ga shi tsohuwa ce ke kwana a ƙasa.

Da dare bayan an ci tuwo, aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Ɗan fari ya ce: "Baba, mu sa kwano mu huta. Na tambaya a Madawa. Kwano da katako da ƙusa za su ci jika 90."

Uwargida ta ce: "Malam, ina za mu samu jika 90? Sai dai a taɓa rumbu."

Maigida ya dubi Auta ya ce: "Ke da kike zuwa lakkwal, ɗauko allonki."

3. Lissafin rumbu

Auta ta rubuta abin da ake faɗa mata. A rumbu saura dami 60. Kowane dami, in an sussuke, yana ba da tiya 6. Ke nan tiya 360. Gidan yana cin tiya 2 kowace rana. Ta raba 360 gida 2, ta samu kwana 180, wato wata 6.

Ta ƙirga da yatsu: Afrilu, Mayu, Yuni, Yuli, Agusta, Satumba. Ta ce: "Baba, hatsinmu zai kai mu bakin sabon hatsi, amma ko dami ɗaya babu rara."

Kaka ta gyara zama ta ce: "To, kada wanda ya taɓa rumbun nan. Ni na ga yunwar 1984. Wanda ya sayar da hatsi da rani, da tsada yake sayensa da damana, in ma ya samu."

Sai aka koma kan albasa. An ciro buhu 12 daga garka. A lokacin kowa ya cire tasa, kasuwa ta cika, buhu bai wuce jika 8 ba. Auta ta buga: buhu 12 sau jika 8, jika 96. Amma akwai bashin mai da taki, jika 15. In an biya, saura jika 81. Ko an sayar da albasa duka, kuɗin kwano ba su cika ba.

Maigida ya ce: "Kun gani. Kwano sai wata shekara. Bana ƙasa za ta gyara ƙasa."

Aka yanke shawara a sayar da buhu 4 kawai. Jika 32 ke nan. Aka biya bashi. Aka ware jika 11 don gyara: azara 3, indararo 1, ladan magini, da furar masu aiki. Saura jika 6, uwargida ta ƙulle su don ranar ciwo.

4. Yadda aka yi gyara

Kwano da ƙusa daga waje ake kawo yawancinsu. A watan Janairu na 1994 an rage darajar kuɗin sefa da rabi, kayan waje suka yi tsada a ƙasa duka. Siminti kuwa ana yin sa a Malbaza, cikin jihar Tawa, amma shi ma sai da kuɗi a hannu. Ƙasar gini ita ce ba ta bukatar kome sai ƙarfi da dabara.

Yara maza suka ɗebo jar ƙasa da amalanke. Aka zuba mata ruwa, aka haɗa da yankakkiyar ciyawa da kashin dabbobi. Aka tattake da ƙafa, aka bar ta ta kwana biyu tana tsima, kullum ana yayyafa ruwa ana juyawa. Ciyawa ita ce ke riƙe ƙasa, ta hana ta tsagewa in ta bushe.

Ran aiki maƙwabta suka zo gayya, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Aka kwashe ƙasar rufi. Aka cire azarar da gara ta ci, aka kai ta murhu. Aka sa sababbi na dogon yaro, domin gara ba ta cika son icensa ba. Iccen nan yana da tarihi a gundumar Buza. Daga 1975 aka fara dasa shi jeri-jeri a kwarin Majiya, da taimakon ƙungiyar CARE, don ya tare iska daga gonaki. Ga shi rassansa suna rufa wa mutane ɗakuna.

Magini ya faɗaɗa tsaguwar bango da ƴar fartanya. Ya share ƙura, ya jiƙa wurin, sannan ya cusa ƙasa har ciki. Ya ce wa yara: "In ba a jiƙa tsohon bango ba, sabuwar ƙasa ba ta kama shi."

Da aka mai da rufi, sai aka karkata shi kaɗan wajen indararo, don ruwa ya riƙa gudu. Aka sa indararo dogo, mai zubar da ruwa nesa da bango. Aka yaɓe ɗakin ciki da waje. Daga ƙarshe aka tara ƙasa a gindin bango aka daɓe. Gindi da kai su ne ran ginin ƙasa: ta nan ruwa yake cin sa.

5. Garkar uwargida

Kuɗin cefane ƙanana ne, amma kullum ake fid da su. Dala 40 yau, dala 40 gobe, kafin wata ya ƙare an kashe jika 6. Uwargida ta san haka. A bayan ɗakinta ta kewaye wani ɗan wuri da kara, saboda awaki da kaji. Ta yi fangali 4. Ta shuka kuɓewa, yakuwa da barkono. Ta jera zogale a bakin darni.

Ba ta sayen ruwa domin garkar. Ruwan wankin hatsi da na alwala ake tarawa a wani tsohon tulu. Da marece ƴan mata suna zuba shi a gindin shuka. Ruwan da ke da sabulu da yawa ba a zuba shi.

Ba ta sayen taki. An gina rami a kusurwar gida. Ana zuba kashin awaki, toka, ƙaiƙayi da sharar tsakar gida, amma ban da leda da tsohon batir. Ana yayyafa ruwa, ana juyawa. Bayan wata uku ya zama baƙin taki mai laushi.

In ƙwari sun faɗa wa ganye, sai ta daka ƴaƴan dogon yaro ta jiƙa su kwana ɗaya. Ta tace, ta yayyafa da marece.

Zogale ba cika ciki kawai yake yi ba. Ganyensa yana gina jiki, yana ƙara jini, yana taimakon gani. Wanda ya yi yawa, ana shanya shi a inuwa a ajiye.

6. Ruwa ya sauka

Buhu 8 da suka rage, an zuba su a rudu. Rudu ɗaki ne na kara da ciyawa, an ɗaga ƙasansa don iska ta ratsa. Maigida ya daina ban ruwa kwanaki kafin cira, ya bar albasar ta sha iska. Albasar da ta sha ruwa ko takin zamani da yawa ba ta jimrin ajiya. Kowane mako yara suna tsince wadda ta fara ruɓewa.

Cikin watan Yuli, wani dare hadari ya taso daga gabas. Aka kwana ana ruwa. Maigida bai runtsa ba. Da asuba ya haska ɗakin kaka da fitila. Ko ɗigo babu. Tsohuwa tana ta barcinta.

Amma lissafin allo bai cika daidai ba. Baƙi sun zo, an yi suna a dangi, masu noma kuma sun fi cin abinci. Hatsi ya ƙare tun farkon Satumba. Sai maigida ya buɗe rudu. Albasa ta rame, wata ta ruɓe, buhu 8 sun koma 6. Amma kasuwa ta yi ƙarancinta, buhu ya kai jika 20. Aka sayi hatsi ba tare da an ci bashi ba. Aka sayi littattafan Auta. Sauran aka ajiye, wai ko baɗi a fara maganar kwano.

Ma'anar kalmomi

Azara: icen da ake girkawa bisa bango don ya ɗauki rufi.
Indararo: hanyar da ruwa ke bi ya sauka daga rufin soro.
Fangali: ɗan yankin garka da aka kewaye da kunya don ya riƙe ruwa.
Dala: tamma 5 na kuɗin sefa. Jika 1 dala 200 ce.

Tambayoyi

1. Don me kaka ta hana a taɓa rumbu?
2. Mene ne amfanin ciyawa cikin ƙasar gini?
3. Don me ake sa indararo dogo?
4. Me ya sa lissafin Auta bai cika ba?
5. Mene ne ma'anar "ba a fafe gora ranar tafiya"?

Lissafi

1. Buhu 8 a jika 8, da buhu 6 a jika 20, wanne ya fi? Da nawa?
2. In gida yana cin tiya 3 a rana, tiya 360 kwana nawa za ta yi?

Aikin gida

Kuɗin da ke cikin wannan darasi misali ne. Ku tambayi kuɗin tiyar hatsi da na buhun albasa a kasuwarku, ku sake lissafin. Ku zagaya gidanku tare da wani babba. Ku rubuta wurare uku da ke son gyara kafin damana.