Darasin Lafiya: Jirin Da Ya Ƙi Tafiya

Darasinmu na wannan Juma'a kan jiri ne, wato hajijiya, irin wadda ke ɗaukar watanni tana dawowa. Da yawa cikinmu kan ce ai hawan jini ne ko yunwa, wasu ma su ce iska ce. Wani lokaci hawan jinin ne kuwa, ko ƙarancin jini, ko suga. Amma sau da yawa matsalar a can cikin kunne take, inda wasu ƙananan bututu masu ruwa ke sanar da ƙwaƙwalwa yadda kai ya karkata. In ɓangare ɗaya ya samu rauni, sai kunne ya faɗi abu ɗaya, ido ya faɗi wani, mutum ya ga ɗaki na juyawa.

To a nan ne ake kuskure. Mai jiri kan daina juya kai, ya kwanta, ya yi ta shan Stugeron wata da watanni. Ƙwayar tana rage jirin na ɗan lokaci, amma dogon shanta na hana ƙwaƙwalwa sabawa. Ita kuwa ƙwaƙwalwa sai da motsi take koyo. Likitoci biyu a Ingila, Cawthorne da Cooksey, tun shekarun 1940 suka fara tsara atisayen jiri. Ga irin atisayen da ake yi yau: ka kafa ido kan harafi ɗaya a jikin bango kana juya kai dama da hagu, ka tsaya ƙafafu a haɗe, daga baya ka yi tafiya kana waige. Jirin zai ɗan tashi lokacin atisayen, kuma haka ake so. Shi ya sa ake yi ƙarƙashin kulawar likitan fisiyo, shi zai auna inda za a ƙara da inda za a dakata, kuma a tsare ka daga faɗuwa. Yawanci sai an yi makonni ana yi kullum kafin a ga sauƙi.

Akwai wani nau'in da ke zuwa da ruku'u, ko sujada, ko juyi a kan gado, bai cika kai minti ɗaya ba. Wasu 'yan ƙananan duwatsu ne a kunne suka bar mazauninsu, kuma likita kan mayar da su ta hanyar juya kai da ake kira Epley, wani lokaci a zama ɗaya. Kafin nan, wanda tsayuwa ke yi wa haɗari ya yi sallarsa a zaune, shari'a ta ba shi dama. Direbobi da 'yan acaba, da masu hawa kan lodin buhunan citta, don Allah a haƙura tukuna.

A fara da asibiti a nan Kafanchan a auna jini da suga. In an ga na kunne ne, akwai JUTH a Jos da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Amma jirin da ya zo farat ɗaya tare da karkacewar baki, nauyin harshe, gani bibbiyu ko mutuwar hannu, wannan ba na atisaye ba ne, alamar shanyewar ɓarin jiki ce. A nemi mota a kai shi asibiti a take, ko da tsakar dare ne.