Awon Tazara a Gonar Mangwaro

A ƙasar Zuru ta Jihar Kebbi ruwa yakan sauka da wuri fiye da Sakkwato, saboda haka mai niyyar dashen mangwaro ya kamata ya gama awon gonarsa tun da rani. Kuskuren shukar dawa kaka ɗaya yake ci, amma itacen da aka dasa a karkace har jikoki za su tarad da shi.

Waɗansu suna tsammani in an kafa turaku huɗu, tsakanin kowane da na kusa da shi yadi 10, an sami murabba'i ke nan. Ba haka ba ne. Gefe huɗu suna iya kishingiɗa ba tare da tsawonsu ya sake ba, sai itatuwa biyu su matsu, rassansu su haɗe, 'ya'ya su ragu. Amma turaku uku, in an tsai da nisan da ke tsakaninsu, siffa ɗaya tak za su yi.

Ga dabarar. A sami igiya mai yadi 12, a yi ƙulli a yadi 3, a yi wani a yadi 7, sa'an nan a haɗa bakunanta biyu. Mutum uku su ja ta ta miƙe, biyu a ƙulli, ɗaya a mahaɗa. Kusurwar da ke tsakanin gefen yadi 3 da na yadi 4 za ta fita daidai kamar ta littafi, domin 9 da 16 su ne 25, watau biyar sau biyar. Daga nan a ja layuka. In murabba'in yadi 10 ya yi daidai, daga kusurwa zuwa kishiyarta yadi 14 ne da inci 5.

Eka ɗaya yadi 4,840 ce murabba'i, za ta ci itace 48. Amma in aka jera su uku-uku kamar duwatsun murhu, kowanne yadi 10 daga maƙwabtansa, tsakanin layi da layi ya koma ƙafa 26, eka ta ci kamar 55, ba kuwa wanda ya matsi wani.

Abu biyu za a kiyaye. Kada a yi awo da jiƙaƙƙiyar igiya, don tsawonta yakan sake. A gangaren dutse kuma, irin na kewayen Zuru da Dabai, a riƙe igiya a miƙe, kada ta bi gangara.