Direban Babbar Mota da Canjin Zamani

Shanun da ake yankawa a Ikko, da albasar da ake ci a Fatakwal, da man fetur ɗin da ake sayarwa a Maiduguri, kusan dukansu a bayan babbar mota suke isa. Saboda haka ya kamata kowane ɗan ƙasa ya san wani abu game da mutumin da ke riƙe da sitiyari.

A da ba haka abin yake ba. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano cikin 1911, jirgi ne ke kwasar gyaɗa da auduga da fatu zuwa bakin teku, galibin aikin mota kuwa shi ne ta kai kaya tashar jirgi. Arzikin man fetur na shekarun 1970 shi ya juya al'amarin. Aka shimfiɗa tituna, har da babban titin Ikko zuwa Badun da aka buɗe cikin 1978, jirgi ya yi rauni, kaya suka koma kan kwalta. Tsofaffin direbobi ba su manta da ranar 2 ga Afrilu, 1972 ba, ranar da ƙasar nan ta bar tuƙi ta hannun hagu ta koma dama.

A wancan zamani makarantar direba ita ce motar ubangidansa. Yaro zai shiga a matsayin yaron mota, ya yi shekaru yana wanke ta, yana ɗaure tamfol, yana dirowa da gudu ya sa weji in an tsaya a hawa, kafin a yarda ya taɓa giya. Ta haka yake sanin kukan inji, ya san inda hanya ke da mugun kwana. Kuma har yanzu rayuwar hanya ba ta sake sosai ba. Daga Ikko zuwa Kano ya fi kilomita dubu, direba kuwa yakan yi makonni bai ga iyalinsa ba. Ya kwana a Ogere ko Tafa ko Mararrabar Jos, wani lokaci bisa tabarma a ƙarƙashin motar, yana tsaron kayan da ba nasa ba.

Abin da ya sake shi ne wanda ke sa masa ido. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya cikin 1988. Dokar hanya ta kayyade wa tirela da tanka gudun kilomita 60 a awa a kan babban titi mai hannu biyu, daga 2017 kuma aka tilasta wa motocin haya sa na'urar da ke hana wuce ƙa'ida. A tashar jiragen ruwa ta Apapa, inda direbobi suka sha kwana da kwanaki cikin layi, an shigo da tsarin kira ta na'ura mai suna Eto cikin 2021, watau sai an ba mota izini kafin ta doshi ƙofa. Manyan kamfanoni kuma suna sa wa motocinsu na'urar da ke nuna musu inda take daga ofis. Bayan gobarar tankar mai a Majiya ta Jihar Jigawa cikin Oktoba 2024, wadda ta ci rayuka fiye da 150, da ta mararrabar Dikko a Jihar Neja cikin Janairu 2025, Gwamnati ta hana tankoki masu cin lita 60,000 ɗaukar mai daga ranar 1 ga Maris, 2025. Ashe ke nan direban da bai iya karanta takarda da saƙon waya ba, kome gwanintarsa, aikin yana neman ya fi ƙarfinsa. Wannan kuwa abin dubawa ne ga iyayen da ke cire yaro daga makaranta don ya bi mota.

Amma akwai abu guda da na'ura ba ta magance ba, shi ne barci. Direbobi da yawa ana biyansu ne bisa yawan sawun da suka yi, don haka kowace awa ta hutawa hasara ce a wurinsu. Sai mutum ya dogara ga goro da shayi mai ƙarfi, wani ma har ya kai ga gadagi ko ƙwayar tiramol. Waɗannan ba sa kawar da gajiya, ɓoye ta kawai suke yi. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Gyangyaɗin daƙiƙa uku ke nan ya isa tirela mai cike da siminti ta yi mita 50 ba mai tuƙa ta.

A nan laifin bai tsaya kan direba kaɗai ba. Mai motar da ya yanka wa direbansa ranar isa wadda ba ta yiwuwa sai an raba dare, da mai kayan da ke matsa masa da waya, suna da nasu kason. Inda tafiya ta wuce yini guda, abin da ya dace shi ne a sa direbobi biyu su riƙa karɓar juna, a kuma lissafa lokacin barci cikin kwanakin da aka ba motar.